Kundin aikin Madugu: gyaran sabon jarumi a teburinmu na Aboabo

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Daftarin farko na Madugu ya kammala, shafi huɗu a littafin makaranta. Ga wanda bai san teburinmu ba: Dungeons & Dragons muke yi, wasan labari na teburi da ake jefa dayis, da dokokin bugu na biyar na 2014, a zauren gidanmu da ke unguwar Aboabo a Kumasi, Ghana, kowace Asabar bayan la'asar. Ni ne mai jan labari. Labarin na ayarin fatake ne da ya baro Kano da jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jan fata, zai haye Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Yandi har Salaga ya sayo goro. Abokina tela shi ke riƙe da Mayaƙi, ƙanwata 'Yar sane, ɗan yayata kuma Ɗan dambe, wanda muka ara masa dokokin mai faɗa da hannu na cikin littafin, suna kawai muka sauya.

Rukunan jarumai 12 ne a littafin 'yan wasa, babu wanda ya yi kama da shugaban ayari. Maƙwabcinmu mai sayar da wayoyi a kasuwar Kejetia ya ce shi dai a ba shi Madugu, ko ya zauna kallo. Dalilin rubutun ke nan.

Na ba Madugu jini (yawan ɓarnar da jarumi zai iya jurewa) na d8, wato dayis mai fuska takwas (d6 mai shida ne, d20 mai ashirin), kamar 'Yar sane. Baiwarsa huɗu, duk a mataki na 1, wato farkon matakan da jarumi ke hawa. Umarni: idan layi ya zo kansa (a faɗa kowa yana da layinsa ɗaya a kowane zagaye), maimakon ya kai sara da kansa, sai ya sa ɗaya daga cikin abokan tafiya ya kai, a ƙara d6 a kan ɓarnar. Yada Zango: gajeren hutu, wanda doka ta ce awa ɗaya ne, ya koma minti 10. Ciniki: duk abin da zai saya, rabin kuɗi. Sanin Hanya: jifa biyu a ɗauki babba, a duk abin da ya shafi nemo hanya da ruwa.

Lissafin takarda a mataki na 3: Mayaƙi yana da ƙarin 5 a jifan d20, abokin gaba mai kariya 13 (lambar da jifa da ƙarinsa za su kai kafin sara ya shiga), ke nan yana bukatar 8 ko sama, kashi 65 cikin 100. Takobinsa d8 da ƙarin 5, matsakaici 9.5, idan aka cire saran da ke kuskurewa ya zama 6.2 a zagaye. Madugu ya umarci wannan Mayaƙin, da d6 ɗinsa: 13, ya sauko 8.5. Ya ɗara kaɗan, amma tunda jinin Madugu bai kai na Mayaƙi ba, na ce a bar shi haka.

Kuɗi: saitin dayis biyu da aka aiko mini daga Accra, sidi 130 har da kuɗin mota.

Asabar, 11 ga Oktoba

Gwajin farko, kuma Umarni ya fashe tun faɗan farko.

Lissafina da Mayaƙi na yi shi, shi kuwa mai wayoyi ko kallon Mayaƙi bai yi ba. 'Yar sane ya riƙa umarta. Saran sunƙuru nata, wanda a mataki na 3 yake ƙara 2d6, wato d6 guda biyu, doka ta ce sau ɗaya ne a kowane layi, ba ta ce a kowane zagaye ba. Layin Madugu layi ne dabam, saboda haka tana samu sau biyu a zagaye guda. Siririn takobinta d8 da ƙarin 3, ga 2d6, ga d6 na Umarni: 18. A kashi 65 ya zama 11.7, kusan ninkin abin da tela yake samu, kuma ba iyaka, kowane zagaye. Ƙaton dodon da na ajiye a mafitar Kwara, mai jini 59, sara ɗaya ya samu ya kai kafin ya kife a farkon zagaye na biyu. Na shirya faɗan zai ci mu rabin awa, ko atayan farko ba a sauke ba aka gama.

Da dare na koma littafin. Akwai reshen Mayaƙi mai irin wannan dabarar ta sa aboki ya kai sara, amma an ɗaure ta ta ko'ina: ya sadaukar da sara ɗaya, ya ba da ƙaramin aikinsa na layin (ɗan aikin da ake yi ban da babban), ya kashe ɗaya daga cikin d8 huɗu da yake da su har zuwa hutu. Waɗanda suka tsara wasan sun san ƙarin layi shi ne abu mafi tsada a teburi, ya fi kowane ƙarin lamba.

Talata, 14 ga Oktoba

Umarni yanzu sau biyu ne tsakanin hutu da hutu, kuma saran da aka yi da shi ba ya ɗaukar sunƙuru. Na cire d6 ɗin.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ruwa tun azahar, lungunmu ya zama rafi. Ba wanda ya iso.

Asabar, 25 ga Oktoba

Abu biyu suka lalace yau, ɗaya a daji, ɗaya a kasuwa.

Na daji shi ne Yada Zango. Ɗan dambe makin kuzarinsa, wanda yake kashewa a dabarunsa, daidai da matakinsa ne, 3 ke nan, kuma gajeren hutu yana cika masa su. Mayaƙi ma a gajeren hutu yake sake samun ƙarin aikinsa na gaggawa da warkar da kansa ta d10 da mataki. Abin da ke hana su hutawa bayan kowane faɗa shi ne awa ɗayan nan, don a awa guda 'yan fashi na iya cim musu, rana na iya faɗuwa ba a kai rijiya ba. Minti 10 ba ya tsorata kowa. Sai ya zama ana gama faɗa ɗan yayata zai ce, "Kawu, mun yada zango," ya shiga na gaba a cike. Iyakar sau biyu da na sa wa Umarni ita ma ta tashi a banza, tunda a hutu yake dawowa. Jagorar mai jan labari ta 2014 an gina ta a kan faɗa 6 zuwa 8 a yini da gajeren hutu kamar biyu. Na bi wannan: Yada Zango sau biyu a yini, na uku awa cikakkiya.

Na kasuwa ya fi ban dariya. Doka ta ce makami ko sulke mai lafiya ana sayar da shi rabin kuɗinsa. Madugu yana saye a rabi. Mai wayoyi ya dube ni ya ce, "Malam, idan na taya na ci jifan lallashi, ai za a ɗan ƙara mini a wajen sayarwa ko?" Na ce za a ƙara. Shi ke nan: ya sayi takobin zinari 15 a 7 da rabi, ya zagaya rumfa ta gaba ya sayar 9, ya dawo ya sake. Kafin in ankara yana lissafin ranakun da zai ɗauka ya saya wa tela cikakken sulken ƙarfe, wanda kuɗinsa zinari 1,500 ne, shi kuma 750 zai biya, kariya 18 a mataki na 3. Mutumin da yake yini a Kejetia ba a ba shi irin wannan ƙofar. Ciniki ya koma ragin kashi 10 cikin 100, a kan abu ɗaya, sau ɗaya a kowace kasuwa. Ya yi ƙorafi cewa ko yaron shagonsa ya fi haka iya tayi. Gaskiyarsa, amma haka zai zauna.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Lambobi sun zauna yau. Ba wanda ya ninka wani a ɓarna, an huta sau biyu, kasuwa lafiya. Duk da haka zaman bai yi daɗi ba, kuma ƙanwata ce ta faɗi dalili muna kwashe kofuna: "Yaya, ni fa hannu kawai nake bayarwa. Shi ke cewa sari wancan, ni in jefa."

Na daɗe ina jin wani abu a zaman nan ban gane shi ba, don haka tun farkon wasa na ajiye takarda a gefe, ina yin ɗan layi a gaban sunan duk wanda ya yanke shawara: ina za a bi, wa za a sara, a tsaya ko a gudu. Da na duba bayan maganarta, kusan rabin layukan na Madugu ne shi kaɗai, sauran ukun suka raba ragowar. Tela, wanda da shi ne mai surutun teburi, wayarsa yake dannawa tsakanin layi da layi.

Wannan matsalar ba ta fitowa a matsakaicin d8. Rukunin da aikinsa ba da umarni yana mai da mai riƙe da shi shugaban mutanen da ke zaune a tabarma, ba na jarumai kawai ba. Mai wayoyi bai yi laifi ba, abin da takarda ta ba shi ya yi. A ganina wannan ya fi ninkin ɓarnar ranar 11 ga wata muni, don waccan kowa ya gani ya yi dariya, wannan kuwa a hankali take sa mutum ya daina zuwa.

Shawarar da na yanke: Umarni ya fita gaba ɗaya. A madadinsa Goro. Duk lokacin da aka yada zango, Madugu zai raba wa abokan tafiya goro biyu. Wanda aka ba shi ne mai iko da shi. In ya so ya ƙara d6 a kan jifan da ya gani bai isa ba, in ya so ya kai ƙarin sara guda, ba sunƙuru. Madugu ba shi da bakin cewa yanzu ko an jima. Wanda ba a ci ba har aka kwana ya lalace, kamar yadda na gaske yake yi in ba a buɗe huhu an yayyafa ruwa an tsince mai sankara ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na sayo goro na gaske a Alabar, sidi 20, su za mu riƙa miƙawa a teburi. An buga mini daftari na uku a kwamfuta, kwafi shida, sidi 36.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Goro ya yi aiki ta ɓangaren masu karɓa. Ƙanwata ta riƙe nata har faɗan ƙarshe, ta ci shi a jifan tsira daga guba, ta tsallake da maki ɗaya, zaure ya ɗauki ihu. Ɗan yayata kuwa ya tauna nasa da gaske tun kafin a fara, sai da aka ba shi ɓallin kwalba a madadi.

Shi Madugun ne ya zama ba shi da abin yi. Ya raba goro a zango, faɗa ya tashi, sai sara ɗaya na d8 da ƙarin 3 kowane zagaye, 4.9, ya zauna. Daga mai rabin layukan takarda ya koma mafi ƙaranci.

Wani ɗalibin KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, da ke koya wa ɗan yayata lissafi ya zo kallo, ya daɗe yana wasan ta intanet. Ya karanta shafukan ya ce, "Malam, abu biyu." Na farko, Goro ya yi kusa da baiwar Mawaƙi, ɗaya daga rukunan littafin, wanda shi ma d6 yake bayarwa a ƙara a jifa, kuma na Mawaƙi ana bayarwa a tsakiyar faɗa ga sihiri a kai, to me zai sa mutum ya zaɓi Madugu? Na biyu ya fi tsanani. Na ɗaura yawan goro a kan makin ƙwarewa, ƙarin da jarumi ke samu a jifa, wanda yake 2 a mataki na 1 zuwa 4, 3 daga na 5, har 6 a na 17. Makin ƙwarewa jimillar matakan jarumi yake bi, ko da ya haɗa rukuni biyu. Ke nan Mayaƙi zai ɗauki mataki ɗaya tak na Madugu, ya kwashe baiwa huɗu, goronsa ya riƙa ƙaruwa shi kuma yana can yana hawan Mayaƙinsa.

Gyara: yawan goro ya bi matakin Madugu shi kaɗai, 2 a farko, 3 a na 5, 4 a na 11. Yada Zango ya koma mataki na 2, Ciniki na 3. Don faɗa kuma na ƙara Tsara Ayari: da ƙaramin aiki zai buɗe wa aboki ɗaya hanya ya matsa ƙafa 10 ba tare da abokin gaba ya sare shi a baya ba. Na rubuta a fili cewa abokin yana iya ƙi.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An ɗauke wuta kafin magariba, muka ƙarasa da fitilar waya. Tsara Ayari lafiya. Ya fitar da Ɗan dambe daga tsakiyar kuraye sau ɗaya, ba wanda ya ji an tura shi.

Baba mai gida ya leƙo da ya ji ƙarar dayis. "Kai yaran nan, ba dai caca ba?" Na ce, "A'a Baba, ko fesuwa ba a sawa, labari ne." Ya ga goro a tabarma ya zauna. Da aka ce masa ayarin Salaga ne sai ya ɓalle da zance: kakansa da ayari ya zo, ya zauna Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka bazu Karachi da Kintampo da Yeji, wasu daga baya suka gangaro Kumasi. Ya ce madugu ba da takobi aka san shi ba. Jagaba ke gaba yana duba hanya, uban dawaki ke tara kuɗi a hannun fatake, madugu kuma aikinsa ya shiga wurin sarkin gari da gaisuwa, a daidaita kuɗin hanya, ayari ya wuce ba a zubar da jini ba.

A daren na rubuta Gaisuwa: kafin a fara faɗa da duk mai jin magana, Madugu zai miƙa kyauta, a yi jifan lallashi, in ya ci an fasa faɗan. Na kuma sami rassan Madugu na mataki na 3 da nake nema: Jagaba, Uban Dawaki, da Malamin Ayari mai riƙe da takardu.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Gaisuwa ta cinye yinin. Faɗa uku na shirya, duk da mutane, a hanyar Bargu. Madugu yana da ƙarin 5 a lallashi, na sa a nemi 13, kashi 65 ke nan, ga shi ya roƙi ƙanwata ta mayar masa da goro ɗaya don ko-ta-kwana. Ya ci duka ukun. Tela ya zo daga Asawase a pragya, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya bar ɗinkin biki a kan keke, bai zare takobi ba har aka tashi. Ya ce, "Malam, mako mai zuwa ka aiko mini da labarin a WhatsApp, ba sai na zo ba."

Ciwon ranar 1 ga wata ne ya dawo ta wata ƙofa. Baiwar ta dace da tarihi, Baba ma da ya ji ya ce haka ake yi. Amma jifa ɗaya na mutum ɗaya ya share rabon mutum uku. Yanzu Gaisuwa sau ɗaya ce a yini, kuma cin jifan ba ya fasa faɗa. Abin da yake sayowa zaɓi ne, teburi duka zai yanke: ko a biya kuɗin da suka yanka a wuce, ko a sami zagaye ɗaya na shiri kafin a gwabza, ko kashi ɗaya cikin uku na 'yan fashin su janye. Goron da aka bayar kuma ba ya komawa hannun Madugu.

Na cire Malamin Ayari a yanzu. Shafukan sun kai tara, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Mun hau mataki na 5, inda wasan yake tsalle: Mayaƙi da Ɗan dambe sun sami sara biyu, sunƙurun 'Yar sane ya zama 3d6. Da ƙarin 7 a kan kariya 15, har yanzu 8 ake nema. Mayaƙi 10.5 sau biyu, 21, ya sauko 13.7. Madugu sara ɗaya, 8.5, ya sauko 5.5. Ratar ta yi yawa.

Mai wayoyi ya nemi sara biyu shi ma. Na ƙi, don in ya samu ya zama Mayaƙi mai goro, tela kuma ya rasa abin da ya fi kowa da shi. Abin da na ba shi: idan saransa ya shiga, aboki na gaba da ya kai wa wannan abokin gaban sara yana da jifa biyu a ɗauki babba. Jifa biyu yana ɗaga kashi 65 zuwa kusan 88. A kan saran 'Yar sane mai 19 ƙarin 4.3 ne, a kan saran Mayaƙi ɗaya 2.4, kuma sai Madugu ya samu tukuna, don haka ainihin ƙarin 2.8 ne ko 1.6. Jimilla 8.3 ko 7.1, tsakanin rabi da kashi 60 na Mayaƙi, kafin a lissafa goro uku. Ga rukunin da ke da hanya da kasuwa da zango a hannunsa, wannan ya ishe shi. Abin da ya fi mini daɗi, ratar da ke tsakanin ayari mai 'Yar sane da marar ita ta ragu ƙwarai. A daftarin farko ita ce ta fasa komai.

Juma'a, 5 ga Disamba

Hutun ranar manoma, muka zauna tun bayan sallar Juma'a har isha, da hazo ya fara sauka. Yini cikakke na gwaji: faɗa shida, zango biyu, kasuwar Yandi a tsakiya. Ɗalibin nan ya shigo da Mawaƙi don a gwada su gefe da gefe. Ba su taka juna ba: Mawaƙi yana ceto a tsakiyar rikici, Madugu sai ya yi hasashe tun a zango wa zai fi bukata. Takardar layuka ta fito kusan daidai tsakanin mutum biyar. A Gaisuwa teburi ya yi gardama mai tsawo, tela ya rinjaye su aka zaɓi zagayen shiri, ya samu faɗansa.

Saura: Sanin Hanya ya sa ba a taɓa ɓata ba tun Oktoba, zan mayar da shi reshen Jagaba kaɗai. Uban Dawaki bai da abin yi in ba kasuwa a labarin ranar. Daga mataki na 6 zuwa 20 a takarda kawai suke, kuma na 11, inda Mayaƙi ke samun sara uku, shi zai fi wuya.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau: dayis 130, goro 45, bugu 84, ganyen ataya da sukari 70, jimilla sidi 329. Mai wayoyi ya turo 100 ta momo, wato aiken kuɗi ta waya.

Mako mai zuwa tela ne zai riƙe Madugu, mai wayoyi ya karɓi Mayaƙi, in ga ko rukunin zai tsaya a hannun wanda ba ɗan kasuwa ba. Bayan nan zan tsallaka da su mataki na 11 na zama ɗaya, da sababbin takardu. In ya tsaya, zan buga daftari na shida da Hausa in raba wa masu so. Ginshiƙin dokokin wasan an sake shi a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, mai ba kowa damar amfani da shi, tun Janairun 2023, sai dai in sa layin ambaton da lasisin ya nema a shafin ƙarshe. Wani teburi a Nima, Accra, ya ce a aika musu su gwada da nasu mai jan labarin.